Idon Kifi

Na dawo daga kamfanin sadin, hannuna na ƙarni,
na tarar da Benedita ta kafe a teburin kicin,
kwamfuta a gabanta, miya ta huce a gefe.
Malama Graciete ta ba su aiki:
kowa ya binciko tarihin wani abu na garin nan.
Ita ta ɗauki hasumiyar fitila,
mai juya haskenta kan wannan gaɓa ta Fotugal
tun kakata ba ta yi haƙori ba.

"Mama, na gama. Shafi bakwai sun faɗi abu ɗaya,
an gina ta a 1819."

Na ce, bakwai ɗin, su wa da wa?
Ta ɗaga kafaɗa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba,
amma shekara ashirin da biyu ina karɓar kifi a bakin ruwa,
ban taɓa saye don mutum bakwai sun rantse ba.
Nakan buɗe kwando, in tono na ƙasa,
in duba ido, yana sheƙi ko ya dushe,
in tambayi jirgin wa, ƙarfe nawa ya shigo,
wa zai ci riba in na yarda.

Ta yi tsaki, amma ta koma.

Shafi na farko ba suna, ba kwanan wata,
sai tallar otal tana tsalle a gefe.
Na biyu jimlar ce dai, har waƙafi.
Na uku ya liƙa hoton hasumiya mai jan kai,
tamu kuwa fara ce sol.
Duka bakwai sun rubuta sunan magini
da kuskure ɗaya, a gurbi ɗaya.
Ta daɗe shiru, sannan ta ce,
"Ashe baki ɗaya ne, sauran amsa-kuwwa."

Asabar muka hau tudu, iska na fizgar rigunanmu.
Tsoho Anselmo, da ya yi gadin fitilar
har aka mai da ita mai kunna kanta,
ya nuna saman ƙofa da sandarsa:
1891, sassaƙe a dutse, iskar teku ta ci gefen tara.
Benedita ta daka tsalle, gani ya kori ji!
Yatsan wani ne ya zame,
tara da ɗaya suka yi musayar wuri,
duniya ta kwasa ta yi gaba.

Anselmo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"A hankali, yarinya. Dutsen ma mutum ya sassaƙa.
Ubana ya ce bayan wata guguwa aka sa shi,
da aka gyara bango.
Ubana kuwa bai raina ƙarin gishiri a zance ba."

Litinin ta nufi ofishin tashar jirage ita kaɗai.
Aka ɗauko mata littafi mai warin ƙasa,
aka hana ta taɓawa sai ta wanke hannu.
Can tsakiya, da tawadar da ta koɗe:
man fitila, ganga biyu, an biya, 1888.

Da dare ta rubuta, tana cizon biro:
"A 1888 fitilar tana ci, ga shaidata.
Dutsen ƙofa ya zo daga baya.
Masu cewa 1819 ban ga inda suka samo ba.
Ranar da aka aza tushe, ban sani ba."
Sau uku tana goge layin ƙarshe,
sau uku tana mai da shi.

Makin da ta samu ba laifi.
Ni ce dai na jawo wa kaina.
Jiya, hasken hasumiya na shafar labule yana wucewa,
na ce mata daren da na haife ta
an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Ko ɗago kai ba ta yi ba,
ta ce, "In ji wa?"